Bishiyar Lionel Ba Ta da Allo

Merle ba ta ko kashe a-kori-kurar ba. Ta bar ta a gefen titi ƙofa a buɗe, ta nufi bishiyar tana dogara sanda, tana jan ƙafar da aka yi mata aikin ƙugu a birni. An zagaye gindin bishiyar da jan fenti. A kusa da ita ga motar tona ƙasa, ga wasu ƙarti cikin riguna masu ƙyalli suna shan shayi a tsaye.

"Warwick! Kai Warwick! Wane marar kunya ne ya shafa wa bishiyar nan fenti?"

Warwick shi ne shugaban ma'aikatan titi na ƙaramar hukuma. Ƙato ne, gemunsa har ya fara furfura, amma Merle ta san shi tun yana zuwa ɗakin cin abincin makaranta da majina a hanci tana zuba masa abinci. Ya ajiye kofinsa a kan mota, ya cire hula.

"Anti Merle, yaushe kika dawo? Ya jikin?"

"Bar zancen jikina. Fentin nan na mene ne?"

"Shataletale za a yi a nan. Yau za a sare ta."

"A sare wa?"

"Bishiyar, Anti."

"Bishiyar Lionel ce, sakarai!"

Warwick ya dubi bishiyar, ya dubi gindinta, ya sosa ƙeya. Ba shi da laifi in ya rikice. Duk wanda ya tashi a Yarrabindi ya san layin bishiyoyin da ke rufe titin shiga gari, kowace ɗaya sunan ɗan garin da ya tafi yaƙi bai dawo ba, kowace da allon ƙarfenta a gindi. Ko ɗan giya ba ya fitsari a jikinsu. Amma wannan ta ƙarshen layi daban take. Waɗancan irin Turai ne, a wannan watan na Afrilu duk sun yi jawur suna zubar da ganye. Ita kuwa bishiyar turare ce ta dajinmu, fara sol, ta fi su tsawo, kuma gindinta babu allo. Abin da ke gindinta wani kurmin rozmeri ne, ganyen nan mai ƙamshi, ya yi girma har ya kai ƙugun mutum.

"Wallahi ban sani ba," in ji Warwick. "Babu allo, Anti."

"Na san babu allo. Shekara hamsin da wani abu na san babu allo."

Lionel Tuckwell yayanta ne. Ƙuri'a ce ta kai shi soja, irin wadda ake jefa ranakun haihuwa a ganga a zaro, wanda tasa ta fito ya tafi. Tasa ta fito. Yana da shekara ashirin da ɗaya aka kashe shi a Vietnam, aka dawo da akwati a rufe, ba a ko bar uwarsa ta ga fuskarsa ba. Da uwar ta je kulob ɗin tsoffin sojoji na garin tana roƙon a ba shi bishiya da allo kamar kowa, sai dattawan wancan zamanin, 'yan yaƙin duniya, suka ce layi ya cika, kuma ai wannan ba yaƙin kirki ba ne. Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, da hular cocinta a kai, ta ɗauki shebur ta je bakin rafin da Lionel yake kamun kifi, ta tono ɗan tsiron turare, ta dasa a ƙarshen layi mutane na wucewa suna kallo. Ta ciro rozmeri daga bakin ƙofar kicin ɗinta ta dasa a gefensa. Merle, tana 'yar shekara sha shida, ita ta riƙe bokitin ruwa.

"To ka ji," ta ce wa Warwick. "Yanzu sai ka kwashe tarkacenka."

"Ba ni da wannan ikon. Masu injin yankan daga birni aka ɗauko su, ba a ƙarƙashina suke ba, kuma da yamma suna da wani aikin a wani gari."

"To zan zauna a nan. Su yanka da ni."

"In kin zauna 'yan sanda za a kira, a ɗaga ki, gobe a dawo. Ki je ofis. In ofis ya bugo mini waya ya ce a tsaya, ni da kaina zan tare su. Zan sa su fara da ciyayin can ƙasa, in ja miki lokaci har a gama abincin rana. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Merle ta dube shi sama da ƙasa. Zuciyarta ta ce mata ta zauna kawai. Amma ita mace ce da ta yi rayuwarta tana bin layi tana jiran a kira ta, sai ta juya ta koma mota.

A ofishin ƙaramar hukuma sai da ta ciri lamba, alhali ba kowa a zauren sai ita da wani dattijo da ya zo ƙarar karen maƙwabcinsa. Dattijon nan kuwa sai da ya kawo tarihin karen tun daga uwarsa. Merle tana zaune tana buga sanda a ƙasa. Da ƙyar aka fito mata da jami'ar da ke kula da aikin, wata 'yar yarinya siririya mai suna Tamsin, mai murmushi kamar an manna mata shi.

"Misis Pascoe, na fahimci yadda kike ji."

"Ba ki fahimta ba. Ban ma fara magana ba."

Ta yi mata bayani. Tamsin tana gyaɗa kai, tana cewa ayya, ayya. Da Merle ta gama sai ta ce ai an yi sanarwa, an ba jama'a lokaci su kawo ƙorafi, kuma ba wanda ya kawo.

"A ina aka yi sanarwar?"

"A shafinmu na intanet."

"Ina kwance a asibiti ana fafe mini ƙashi, in shiga intanet in duba ko za ku sare yayana?"

"Ki yi haƙuri. Amma ki sani mun mutunta layin sosai. Ba mu taɓa ko ɗaya mai allo ba. Asali ma a tsarin farko shataletalen zai ci biyu daga cikinsu, shi ya sa muka matsar da shi gaba kaɗan."

"Gaba kaɗan. Kan Lionel."

Murmushin Tamsin ya ɗan dusashe. Ita ma dai ba muguwa ba ce, kuma abin da ya fi ƙona ran Merle ke nan, don da muguwa ce da ta sami wanda za ta zaga ta huce.

"Ga abin da zan iya," in ji Tamsin tana rage murya. "Ba mu ne ke faɗin wace bishiya ce ta layin ba, kulob ne. In shugabansu ya bugo mini ya ce tasu ce, ko a waya ne, zan tsayar da aikin yanzun nan, takardu su biyo baya."

"Clive?"

"Mista Rasmussen, eh."

Merle ta yi wata dariya marar daɗi, ta miƙe. Daga kulob uwarta ta fara, ga shi an sake maido ta kulob.

Ta tarar da kulob ɗin a hargitse, domin Juma'a mai zuwa ce Ranar Anzac, ranar da ake taron asuba don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. An jera kujeru, an tara tutoci a kusurwa, wani yana gwada lasifika yana ta cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. A kan dogon tebur an jera farantai babu komai a ciki, kowane da ɗan kwalin fil a gefe. Clive Rasmussen yana tsaye a tsakiya yana faɗa da mai kawo naman gashi a waya.

Ajinsu ɗaya da Lionel a makaranta. Ranar haihuwarsa ba ta fito a gangar ba. Daga baya ya shiga soja da kansa, ya yi shekarunsa a ma'ajiyar kaya yana ƙirga barguna, bai taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a filin atisaye. Ba abin kunya ba ne, wani ne dai zai ƙirga bargunan. Sai dai tun da aka ba shi shugabancin kulob, ko kujera za a matsar sai ya ce a jira kwamiti.

"A'a, Merle! An dawo? Dubi yadda kike takawa kamar budurwa!"

"Clive, ajiye wayar nan. Ko a'a, kar ka ajiye, ita nake so."

Ta faɗa masa a taƙaice. Clive ya buɗe baki.

"Wannan farar ta ƙarshe? Kai! Ni duk na ɗauka bishiyar hukuma ce kawai."

"Kana tsaye a bakin coci ranar da uwata ta dasa ta."

"Haba Merle, wa zai tuna? An daɗe fa."

"To na tuna maka. Buga wa yarinyar nan ka ce taku ce. Kalma biyu."

Clive ya shafa sanƙonsa, ya dubi rufin ɗaki. "Kin ga, abin ba haka yake ba. Ni kaɗai ba zan iya shigar da bishiya layi ba. Sai kwamiti ya zauna. In muka buɗe wannan ƙofar, gobe wasu su zo da tasu..."

"Waɗanne wasu? Mutum nawa garin nan ya rasa a Vietnam?"

"To... shi kaɗai ne."

"To su wa za su zo?"

"Merle, kar ki yi kamar mun manta da shi. Zamani ya canza. Ai kowace shekara a taron asuba muna karanta sunansa."

"Bara Leonard ka ce."

"Ni?"

"Kai. Leonard Tuckwell. Ina tsaye a gabanka cikin sanyin nan, da lambobin yabonsa a ƙirjina na dama, ka ce Leonard. Na yi shiru saboda kar in kunyata ka a gaban jikokinka. Yau ba zan yi shiru ba."

Mai gwada lasifika ya daina ƙirge. Kunnuwan Clive suka yi ja.

"Zauna," ya ce. "Bari in kira 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. In na sami rinjaye a waya, ya wadatar. Amma dole in kira su."

"Ka fara kiran yarinyar, sannan ka kira su."

"Ba a yin haka."

Ba a yin haka! Merle ta ji kamar ta ƙwala masa sandar a sanƙon nan. Ta fita baranda ta zauna, don in ta tsaya kusa da shi za ta aikata. Daga nan tana jin komai. Na farko kurma ne, Clive yana ta ihu: "Bishiya! A'a, ba giya ba, giya ta iso! Bishiya na ce!" Na biyu ya tafi kamun kifi inda babu sabis. Na uku matarsa ce ta ɗauka, ta riƙe Clive da zancen wa zai kawo kek ranar Juma'a, shi kuma don ladabi ya kasa katse ta. Wata mata ta kawo wa Merle shayi da biskit. Ta karɓa ta ajiye a ƙasa, har ya huce ba ta taɓa ba.

Daga barandar ana hango kan bishiyar can ƙarshen gari, ya zarce na sauran. Ta kafa masa ido. Ta tuna Lionel ranar da zai tafi, an aske masa kai kunnuwansa sun fito waje kamar hannun tukunya, yana ce mata kar ta kuskura ta hau kekensa. Ta hau kuwa, tun motarsu ba ta gama fita gari ba. Ta tuna uwarta a shekarar fari, lokacin da aka hana ban-ruwa, tana tara ruwan wanke-wanke a bokiti tana kaiwa can da ƙafa. Kabarinsa yana birni cikin dubban irinsa, ba su fi zuwa sau ɗaya a shekara ba. Nan ne suke zuwa.

Rana ta karkata. Sai ta ga fararen aku sun tashi fuu daga kan bishiyar gaba ɗaya, suna ihu. Bayansu ƙarar injin ta iso.

"Clive!"

"Saura mutum ɗaya! Yana ringin!"

Ba ta jira ba. Ta gangara matakala da saurin da likita ya hana ta, ta tayar da mota. A bakin kasuwa wata babbar motar tumaki ta tare hanya tana ƙoƙarin juyawa, direban yana gaba yana baya kamar mai koyo. Merle ta danna hon har hannunta ya yi ciwo, ta zage shi, ta zagi tumakin. Da ta sami hanya ta shiga layin bishiyoyin, tun daga nesa ta ga sarari a ƙarshensa, haske fayau inda ba ta taɓa ganin haske ba.

Ta fito a hankali wannan karon. Bishiyar tana kwance a gefen titi, an riga an fara gunduwa-gunduwa da ita. Ƙamshin turare ya cika wurin har yana hawa kai. Masu injin suna ta aikinsu da abin toshe kunne, ko waiwayowa ba su yi ba. Kututturen ya kai faɗin teburin cin abinci.

Warwick ya zo ya tsaya kusa da ita, hularsa a hannu.

"Na ja iyakar ja, Anti. Har ƙaryar lalacewar mota na yi musu. Wayar ba ta zo ba."

Haushi ya cika Merle, ba na Warwick ba, ba ma na Clive kaɗai ba. Haushin kanta take ji. Da ta zauna. Da 'yan sandan sun zo sun ɗaga tsohuwa mai sabon ƙugu a gaban jama'a, a ga ko za su iya. Uwarta ba ta nemi izinin kowa ba ta dasa, ita kuwa ta wuni tana neman izini.

"Wancan dai na cire miki shi," in ji Warwick. "Da bakin motar na ɗago shi, da ƙasarsa da saiwarsa. Zai kama in an ba shi ruwa."

Ya nuna gefe. Kurmin rozmerin ne zaune a kan buhuna, ya karkace amma yana nan. Merle ta sa hannu ta shafa ganyen, ta shinshina tafinta. A nan ne hawayen suka zo, ta share su da haushi.

"Sa mini a bayan mota."

Mutum uku suka ɗaga shi. Suna cikin ɗaurewa da igiya sai ga motar Clive da gudu. Ya fito yana haki, yana ɗaga waya sama.

"Sun yarda! An sami rinjaye! Na bugo wa yarinyar, ta ce yanzu za ta..."

Wayar Warwick ta fara ƙara a aljihunsa. Bai ɗauka ba. Clive ya ga kututturen, hannunsa ya sauko. Ya tsaya yana kallo har wayar ta gaji ta yi shiru.

"Merle," ya ce, "wallahi ban... Za mu yi allo. Babba. Za mu dasa wata a wani wurin, mu kira 'yan jarida."

"Ku dasa."

Clive ya yi ta juya ido, yana neman abin da zai kalla wanda ba ita ba. Idonsa ya faɗa kan ramin da ke gefen kututturen. Ya ƙura masa ido, ya dubi bayan motar Merle, sai fuskarsa ta canza.

"Tsaya. Ina za ki kai rozmerin? Gobe fa matan kulob za su zo yanka. Farantai na can a jere."

Haka ne kuwa. Ba wanda ke fita taron asuba a Yarrabindi ba tare da ɗan reshen rozmeri a ƙirji ba, don tunawa da matattu. Daga shugaban ƙaramar hukuma har 'yan makaranta, kowa sai an maƙala masa da fil. Kuma tun kafin a haifi Warwick, daga wannan kurmin ake yankowa.

"Na uwata ne," in ji Merle. "Daga bakin ƙofar kicin ɗinta ta ciro shi, rana ɗaya da bishiyar."

"Ikon Allah. Ni na ɗauka da kansa ya fito."

"Na sani. Komai a wurinka da kansa yake fitowa."

"To amma Juma'a fa? A ina za mu sami wanda zai ishi gari cikin kwana biyu?"

Merle ta ja igiyar ta gwada ƙarfinta. Ta zaga ta buɗe ƙofar mota, ta jefa sandarta ciki, sannan ta juyo.

"A gidana. Amma kar a aiko mini mata da almakashi da faranti. Mai so ya zo da ƙafarsa. Reshe ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofata ya faɗi sunan wanda aka dasa wa, in ba shi."

"Haba Merle, gari guda fa!"

"Ina da kujera a baranda, kuma likita ya ce in huta. Ba inda za ni."

Clive ya dubi Warwick ko zai sa baki. Warwick ya mai da hularsa kai, ya shiga duba tayar mota.

"Lionel," in ji Clive a hankali. "Lionel Tuckwell."

"Ashe ka iya."

Ya miƙo hannu wajen kurmin. Merle ta shiga mota ta rufe ƙofa, ta sauke gilashi.

"Ba a nan ba. Ka zo gida ka bi layi kamar kowa."

Ta tayar da mota. An rufe titin gaba saboda aikin, dole ta juya ta sake ratsa layin tun daga ƙarshe, alluna na wucewa dama da hagu, kurmin yana rangaji a bayanta. Tana tafe tana tunanin inda ta ajiye shebur ɗin uwarta.